Zai kai labari kuwa? Amsar tambayar Baffa daga Greensboro

Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙon muryar da ka turo mini sai da na saurare shi sau uku kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce musu ya kaure a majalisarku ta bayan La'asar, wani ya kafe a kan cewa baƙaƙen fatar Amurka ba su da kishin nasu, tunda a 2020 ga Kamala Harris ga Cory Booker a fili, amma suka juya musu baya suka rungumi Joe Biden, tsoho farar fata. Ka kuma tambaye ni mu Hausawan da muka zama 'yan ƙasa a nan, ina muke sa tamu ƙuri'ar idan irin wannan ta taso.

Zaɓen fid da gwani a nan ba irin wanda ka sani ba ne, inda daliget kaɗan ke taruwa a Abuja su gama magana a dare ɗaya. A nan talaka ne da kansa yake zuwa rumfa, jiha bayan jiha, tun daga farkon shekara har watan Yuni. A jam'iyyar Democrat, gwargwadon ƙuri'un da ɗan takara ya samu a jiha, gwargwadon daliget ɗin da za a ba shi, muddin ya kai kashi 15 cikin ɗari. Tunda kuwa ba rana ɗaya ake yi ba, mutanen jihar da ke baya suna zuba ido su ga abin da na gaba suka yi. Riƙe wannan, Baffa, don a kansa labarin ya rataya.

Idan muka taru shan shayi bayan Juma'a a nan Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, mu da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram waɗanda su ne suka fi yawa a garin, ba kasafai ake tambayar wa ya fi cancanta ba. Abin da za ka ji shi ne, "Zai kai labari kuwa?" Wato idan an ba shi tutar jam'iyya, fararen fatar ƙauyukan Pennsylvania da Wisconsin za su yarda su dangwala masa a watan Nuwamba? Kana tsaye a rumfa da takarda a hannunka, amma zuciyar wani da ba ka taɓa gani ba kake ƙoƙarin karantawa. Wannan lissafin ba da shi muka zo daga gida ba. A wurin baƙaƙen da muka tarar muka koye shi.

Wadda ta fara koya mini wata tsohuwa ce, maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Tana 'yar shekara goma sha uku lokacin da ɗalibai huɗu na jami'ar A&T suka shiga kantin Woolworth da ke tsakiyar garin nan, ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. A ƙarshen 2007 na same ta a barandarta tana gyaran ganyen miya a cikin roba, ni kuma ina ta zumuɗin ɗan Afirka, Barack Obama, ya fito takara. Na ce mata, Mama, ai bana naku ne. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce Hillary Clinton za ta zaɓa. Na tambaye ta dalili. Ta ajiye wuƙar ta ce yaron nan yana da 'ya'ya mata biyu ƙanana, ita kuwa ta ga abin da aka yi wa Martin Luther King a 1968, ba za ta sa hannunta a mayar da su marayu ba. Sannan ta ƙara da cewa ko ya tsira da ransa, farare ba za su zaɓe shi ba, a yi biyu babu. Na rasa abin cewa. Ba tsoron banza take yi ba, don tun watan Mayun 2007 hukuma ta ba Obama jami'an tsaro na musamman, wata takwas kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin su Mama sun ga Shirley Chisholm, 'yar majalisa daga Brooklyn, ta nemi tikitin a 1972 ba ta je ko'ina ba. Sun ga Tom Bradley, magajin garin Los Angeles, yana kan gaba a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a takarar gwamnan Kalifoniya ta 1982, ranar zaɓe kuma ya faɗi, har mutane suka ɗauka cewa farar fata zai ce maka "ina tare da kai" a baki, ya shiga rumfa ya yi abin da ke ransa. Sun kuma bi Jesse Jackson, wanda a jami'ar A&T ɗin nan ya yi karatu, a 1984 da 1988. A karo na biyu ya tara ƙuri'a kusan miliyan 7, ya ci Mishigan, amma jam'iyya ta tsayar da Michael Dukakis, wanda aka ce shi ne zai iya cin babban zaɓe. Jiha 10 kacal Dukakis ya ci, sai birnin Washinton. Shi ya sa har zuwa ƙarshen 2007 Hillary ce ke gaban Obama a tsakanin baƙaƙen Democrat. Ko John Lewis, wanda aka fasa wa kai a gadar Selma a 1965 saboda neman haƙƙin zaɓe, bayanta ya bi da farko.

Sai ranar 3 ga Janairun 2008. Jihar Ayowa, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari farare ne, manoman masara, ta ba Obama kusan kashi 38, Hillary ta zo ta uku. Washegari da safe ina goge ƙanƙara a gilashin mota, Mama ta leƙo ta taga da rigar sanyi ta ƙwala mini kira, ta ce, "Ka ga abin da fararen nan suka yi?" Fuskarta kamar wadda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. Mako uku bayan haka, ranar 26 ga wata, a Karolina ta Kudu inda baƙaƙe sun haura rabin masu zaɓen jam'iyyar, Obama ya samu kashi 55, kuma kusan baƙaƙe takwas cikin goma shi suka zaɓa. A watan Fabrairu John Lewis ya dawo wurinsa. Ka lura da tsarin abin, Baffa: ba son Obama ne ya sauko musu dare ɗaya ba, dama yana nan a ƙunshe. Shaidar cewa farare za su iya zaɓensa suke jira.

Daga nan ne maganar launin fata ta fito ƙarara. Bill Clinton ya tuna wa 'yan jarida cewa ai Jesse Jackson ma ya ci Karolina ta Kudu har sau biyu, baƙaƙe kuma suka fahimci hannunka mai sanda ne, ana nufin wannan ɗan takarar baƙaƙe ne kawai. A watan Maris aka bankaɗo huɗubobin limamin cocinsa, Jeremiah Wright, har sai da Obama ya tsaya a Filadelfiya ranar 18 ga wata ya yi doguwar lacca a kan launin fata. A watan Mayu ita ma Hillary ta fito ta ce goyon bayansa a wurin ma'aikata fararen fata yana raguwa, kuma a Bajiniya ta Yamma ta kayar da shi da ratar kusan kashi 40. Hujjarta ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe: ni zan kai labari, shi ba zai kai ba.

Mu kuma namu kayan biyu ne, ga baƙar fata ga Musulunci. A watan Fabrairun shekarar aka yaɗa wani hoton Obama da rawani da farin mayafi irin na Somaliyawa, wanda aka ɗauka a garin Wajir na Kenya a 2006. Ana ta nanata sunansa na tsakiya, Hussein, ana cewa Musulmi ne a ɓoye, alhali Kirista ne. Na tuna Juma'ar da ta biyo baya, muna tsaye a filin ajiye motoci na masallaci, wani matashi ya kawo shawarar mu buga riguna da sunan Obama mu fita cikin gari da hulunanmu. Wani dattijo ɗan Tawa, direban babbar mota, ya ce a'a. Ya ce wanda ke da takarda ya je ya yi zaɓe shiru, wanda ke da hali ya tura gudummawarsa ta intanet, amma kada kyamara ta ɗauki hularmu kusa da hotonsa mu ja masa. Aka watse a kan haka. A watan Yuni kuma muka ji cewa a wani gangaminsa a Detroit, masu aikin sa-kai sun hana wasu mata biyu masu hijabi zama a bayansa inda kyamara ke haskawa, sai da shi da kansa ya kira su ya ba su haƙuri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman da na tuna mu ma hukuncin da muka yanke wa kanmu ke nan a bakin masallaci.

Ranar 6 ga Mayu na kaɗa ƙuri'ata ta farko a zaɓen fid da gwani, a zauren wata makarantar firamare, ni da Mama a mota ɗaya. A watan Nuwamba Obama ya samu 365 daga cikin ƙuri'un wakilan jihohi, John McCain 173. Ya samu kashi 43 na ƙuri'un farare, fiye da 41 ɗin da John Kerry, farar fata, ya samu a 2004. Jiharmu ta Karolina ta Arewa da ƙuri'a dubu 14 da 'yan kai ya ci ta. Kai da ka yi zaɓen 12 ga Yunin 1993 ba sai an ba ka labari ba, Baffa, ka ga yadda Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano. Wani lokaci jama'a sun fi yadda ake zatonsu.

To me ya sa a 2020 aka koma gidan jiya? Saboda Donald Trump ne a kan kujera, kuma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Baƙaƙe da yawa sun ɗauki zuwan Trump a matsayin martani ga shekara takwas na Obama. Kamala ta janye a Disambar 2019, Booker a Janairun 2020, tun ba a fara zaɓe ba, kuma duk tsawon lokacin dattawan baƙaƙe suna bayan Biden, mutumin da ya yi wa baƙar fata mataimaki shekara takwas bai taɓa yi masa zagon ƙasa ba. Biden ya zo na huɗu a Ayowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyya. Sai Jim Clyburn, babban ɗan majalisa baƙar fata na Karolina ta Kudu, ya fito ya ɗaga hannunsa ranar 26 ga Fabrairu. Kwana uku bayan nan ya ci jihar da kashi 48, kuma daga ranar guguwa ta juya.

A wurinmu abin ya wuce lissafin jarida. A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatin Trump ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka hana bizar zuwa zama. Akwai waɗanda na sani da suka shekara suna jiran takardun matansu ko iyayensu, komai ya tsaya cak. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya neman ɗan takarar da zai burge shi. Wanda zai ci yake nema. Ranar 3 ga Maris na zaɓi Biden. Ya ci a Nuwamba, kuma ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun 2021, ya soke dokar.

Don haka ka gaya wa mutanen majalisarku ba rashin kishi ba ne. Mutane ne da suka san idan jam'iyya ta faɗi, a kansu ginin zai fara ruftawa. Ina girmama wannan lissafin, na kuma yi shi da hannuna. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ke damuna a cikinsa. Idan kowa ya ƙi zaɓen baƙar fata don yana zaton maƙwabcinsa ba zai zaɓe shi ba, to ba zai ci ba ɗin, kuma ba maƙwabcin ne ya kayar da shi ba. Da Ayowa ta yi irin lissafin Mama, da har yau ana cewa ba zai yiwu ba. Faɗuwar Kamala a 2024 ta sake tayar da musun a wurin shayinmu. Wasu na cewa ga shi nan, mace kuma baƙa, dama mun faɗa. Wasu na cewa tsadar rayuwa ce, da yaƙin Gaza da ya sa Musulmi da yawa suka ƙi fita, da kuma yadda ta karɓi tuta ba tare da zaɓen fid da gwani ba bayan Biden ya janye a watan Yuli. Ni na fi karkata ga cewa duka sun haɗu, amma na san wanne mutanenmu za su fi riƙewa idan an zo tsayar da ɗan takara na gaba.

Jikarka, wadda aka haifa a nan, zaɓen Maris ɗin 2020 shi ne nata na farko, kuma Bernie Sanders, abokin karawar Biden, ta zaɓa. A hanyarmu ta komawa gida na yi ta yi mata bayanin Pennsylvania da Wisconsin, tana shiru tana murza 'yar takardar shaidar zaɓe da aka manna mata a hijabi. Da muka tsaya a ƙofar gida ta juyo ta ce, "Baba, idan wata rana ni na tsaya, haka za ka yi mini wannan lissafin?" Na kashe mota, muka ɗan jima a zaune, ban ba ta amsa ba. Har yau takan tuna mini.

A gaida su Inna da mutanen majalisa. Idan musun ya sake tashi, ka turo mini abin da suka ce.