Yara su haɗa kayan kiɗa da hannunsu: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Gadarif, ƙasar Sudan. An ɗora mini darasin waƙa, ga shi ko ganga ɗaya babu a makarantar. Na yi tunanin in sa yaran su riƙa haɗa kayan kiɗa da kansu, amma ina tsoron kada abin ya koma wasan gwangwani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoron naki yana kan hanya. Na sha leƙa aji in tarar an cinye minti 40 ana yanka ana liƙawa, har aka tashi ba a rera ko baiti ɗaya ba. Don haka kada ki sa a haɗa komai sai kin san abin da kike so kunnen yaro ya kama.

Ki fara da kwalabe biyar iri ɗaya, kowace da ruwa daban. A ƙwanƙwasa su da cokali: wadda ta fi ruwa ita ce mai kaurin murya. Sannan a busa bakinsu, sai abin ya juye, mai ruwa da yawa ta koma siririya. Kada ki yi saurin faɗa musu dalili, bari su yi ta gardama tukuna. Dalilin kuwa, in an ƙwanƙwasa, kwalba ce da ruwanta ke karkarwa, nauyi na rage mata sauri. In an busa, iskar da ta rage a ciki ce ke karkarwa, kuma gajeriyar iska ta fi sauri. Na ce biyar ne saboda yawancin waƙoƙin Sudan a kan muryoyi biyar suke tafiya, kamar yadda ake ɗaure tambur, abin kiɗansu mai tsirkiyoyi. Da ƙari da ragin ruwa za su laluɓo waƙar da suka sani tun a gida.

Bayan nan sai tsirkiya. Kuntigin ƙasar Hausa ma da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, saboda haka ba abin raini ba ne. Gwangwani, sanda, zaren kamun kifi, shi ke nan. A auna tsirkiyar ta kai santimita 60. Yaro ya danne ta a kan 30, zai ji muryar farko ce ta dawo, amma can sama. Ya bar 40 suna karkarwa, ya ji wata muryar da ke zama lafiya da ta farko. Ga rabi, ga biyu bisa uku, ba a taɓa alli ba. Malamin lissafi zai gode miki.

Caki ba ya ɗaukar lokaci: gora biyu, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da riɗi, wanda Gadarif ba ta rasa shi. Su rufe ido su faɗi wanne ne wanne.

Bakin gwangwani fa, ki dandaƙe shi a gida tun kafin ranar, kuma ɓawon karan dawa yana yanka yatsa kamar reza. In akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa, ki gayyace su ranar kwalabe su gani da idonsu.

Mako ɗaya na haɗawa, biyu na rerawa da abin da aka haɗa. Kowa ya rubuta sunansa a jikin nasa, ki tara su a kwali a aji, don in suka bi yara gida ƙannensu ne za su ƙarasa su.