Kiɗan fim ɗin Alien ba tsintuwa ba ne

Tambaya: Malam, mun ɗauki gajeren fim na ban tsoro a unguwar Mabera ta Sakkwato, labarin wata halitta da ta faɗo daga sararin samaniya. Mai tace mana hoto ya ɗora kiɗan fim ɗin Alien, ya ce kiɗan da babu murya ba shi da mai shi, balle in an ƙara masa sauri. Duk jarina na zuba, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ƙanena, ku cire kiɗan nan tun fim bai hau YouTube ba.

Maganar nan ta "babu murya, babu mai shi" ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini ita. Jerry Goldsmith ne ya rubuta kiɗan a 1979, ya tsara wa kowane mai goge da mai busa abin da zai yi. Ya rasu a 2004, amma haƙƙin bai bi shi kabari ba. Ko a dokarmu ta 2022, haƙƙin kiɗa yana kai shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ƙara sauri ko yanko daƙiƙa 10 ba ya halatta komai. YouTube na da manhajar gane kiɗa: ko kuɗin talla su koma wa masu haƙƙi, ko a toshe fim ɗin. In aka yi maka gargaɗin sata sau 3 cikin kwana 90, ana iya rufe tasharka. Lokacin mai tacewa ya daɗe da cin kuɗinsa, kai za a bari da kuka. Darakta Stanley Kubrick da girmansa ya sa kiɗan wani marubucin kiɗa mai suna Ligeti a fim ɗinsa na 1968 ba da izini ba, sai da aka kai ruwa rana.

Abin takaici, satar ma ba ta da dalili, don ba yawan makaɗa ke tsorata mutum ba. Goldsmith kansa har katantanwar teku ya sa aka busa, ya bi da sautin ta na'urar amsa-kuwwa. Nemo masu goge biyu nan Sakkwato, su saɓa ɗaurin tsirkiya kaɗan, su ja sauti ɗaya mai tsawo ba waƙa. Ɗauka da tsakar dare in an kashe janareta, ka rage masa gudu a kwamfuta. Ka biya su, su sa hannu a takarda. Inda halittar za ta bayyana kuma, ɗauke kiɗan gaba ɗaya, a bar numfashin jarumin kawai.