Me ya raba N.W.A, kuma mu ma haka za mu ƙare?

Tambaya: Malam, mu huɗu ne muke gambara tare tun muna sakandare. Ɗayanmu ne ke biyan kuɗin situdiyo, shafinmu na YouTube ma da sunansa aka buɗe, ni kuma nake rubuta yawancin baitoci. Yanzu an fara kiranmu wasa ana biya, raina ba ya kwanciya, amma ina jin nauyin tayar da maganar kuɗi. Abokaina sun ce 'yan Illuminati ne suka shiga tsakanin N.W.A, ƙungiyar gambara ta Amurka, wai har allurar cuta aka yi wa ɗayansu, Eazy-E. Mene ne gaskiyar abin da ya raba su? Ina tsoron kada mu ƙare kamar su. (Wani matashi daga Kaduna)

Amsa: Ƙanena, tsoronka yana kan hanya, amma abokanka sun nuna maka inda maciji ba ya nan. Kuɗi da takarda ne suka raba N.W.A, kuma yadda ka kwatanta zamanku ya yi kama da nasu har ya ba ni tsoro.

Dubi tsarin. Ruthless Records, kamfanin da ya fitar da su tun 1987, na Eazy-E ne, manajansa Jerry Heller ke riƙe da lissafi. Wato Eazy ɗan ƙungiya ne a kan dandamali, amma a ofis shi ne maigida. Dr. Dre da DJ Yella ke haɗa kiɗa. Ice Cube da MC Ren da The D.O.C. ke rubutu, har baitocin da Eazy ke rerawa. Waƙar farko da ta fito da sunan Eazy ma, Boyz-n-the-Hood, Cube ne ya rubuta ta. Kundinsu Straight Outta Compton ya haura kwafi miliyan ɗaya a 1989, alhali yawancin gidajen rediyo ba su ɗauke shi ba. A nan Cube ya fara tambayar ina rabonsa. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne dala dubu 32 da ɗoriya ya samu a kan duk rubutun nan, aka kuma miƙo masa kwantiragi da cek, ya ce sai lauya ya duba. A ƙarshen 1989 ya tattara nasa ya tafi New York ya yi kundinsa. Kafin shi Arabian Prince ya riga ya fita, shi ma a kan kuɗi. Heller ya musanta cewa ya cuci kowa har ya mutu a 2016. Ko wa ka gaskata a cikinsu, abu ɗaya ya tabbata: sun yi aikin da ya girgiza Amurka alhali ba su zauna tun farko sun fayyace na wa ne me ba.

A 1991 kundinsu na ƙarshe ya hau lamba ɗaya a Billboard, jadawalin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. A shekarar ce kuma Dre ya bar su ya kafa kamfanin waƙa na Death Row tare da Suge Knight, a kan wannan ƙorafin dai. Aka shiga kotu, aka shiga zagin juna a faifai. Yaran da suka taso tare suka koma ba sa ga maciji.

Maganar allura kuwa, don Allah ku daina yaɗa ta. Eazy-E ya mutu ranar 26 ga Maris 1995 yana da shekara 30, kwana goma bayan an karanta sanarwarsa cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau, sanarwar da ya yi don matasa su ji su kiyaye. Jita-jitar ta samu ƙafa ne daga wata baƙar raha kan allurar da Suge Knight ya yi a talabijin a 2003, babu wata hujja da aka taɓa kawowa. Duk wanda ya maida mutuwar nan aikin maƙiya ya ɓata wasiyyar mamacin, ya kuma ba wani yaro dalilin ƙin zuwa gwaji.

N.W.A ba su tafi a banza ba. Sun yi maganar zaluncin 'yan sandan Los Angeles har FBI ta rubuta wa kamfanin da ke rarraba faifansu wasiƙa a 1989, shekara biyu kafin duniya ta ga dukan da 'yan sandan suka yi wa wani baƙar fata, Rodney King. Ta hannun Dre aka samu Snoop Dogg da Eminem, kuma Kendrick Lamar, ɗan Compton, garin da N.W.A ta fito, shi ya gabatar da su ranar da aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan mawaƙa, a 2016. Sun kuma bar mummunan gado na wulaƙanta mata, a baiti da a zahiri, don Dre ya doki 'yar jarida Dee Barnes a 1991. Wannan kada ku kwaikwaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: "ina jin nauyi". Kusan kullum sai na ji wannan kalmar. Yaro ya zo min da ido jawur, waƙa ta fashe, kuɗin Audiomack da YouTube suna shiga asusun mutum ɗaya, na ce ina takardarku, ya ce ai mu 'yan'uwa ne, ai tare muka ci tuwo a gidansu. An cusa wa matasanmu cewa neman a rubuta yarjejeniya zargi ne, rashin yarda ne, ko kwaɗayi. Masu cusa wannan kuma sau da yawa su ne manajojin bakin titi, waɗanda ba su da ofis ba su da rajista, sai waya biyu da daɗin baki. Su ne za su ce maka "bari mu fara tashi tukuna, lissafi na zuwa". Lissafin ba ya zuwa, domin ranar da kuɗi suka yi yawa kowa zai tuna abin da aka faɗa yadda ya fi masa daɗi, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, zuciya ce. In rigima ta tashi sai a ce hassada ce, an yi musu asiri, an raba su da farraƙu. A kwashi kuɗin da ya isa a biya lauya a kai wa boka. Na ga ƙungiyar da ta watse a kan kuɗin wasan biki guda, iyayensu har yau ba sa gaisawa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma mu da muke karanta Alƙur'ani ba mu da uzuri: aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. To wane ne abokinka da zai ce alƙalami ya ci masa mutunci? In da gaske yana ƙaunarka, takardar shi ma kariya ce gare shi, don kuɗin situdiyon da yake zubawa bashi ne ko jari, dole a san wanne ne.

Ku zauna a makon nan, tun kuɗin ba su kai na faɗa ba. Ku rubuta wa ya mallaki sunan ƙungiya, wa ya mallaki faifan da aka naɗa, kason mai rubutu da na mai kiɗa a kowace waƙa, yadda za a raba kuɗin wasa bayan an cire ɗawainiya, da abin da mutum zai tafi da shi in ya fita. Kowa ya riƙa ganin lissafin shafukanku da idonsa. Ka kuma sani a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, miƙa haƙƙin waƙa ga wani ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka baitocinka naka ne muddin ba ka sa hannu ka bayar ba. Duk takardar da aka miƙo maka tare da kuɗi ana cewa sa hannu yanzu-yanzu, ka ninke ta ka kai wa lauyan da kai ka nemo, ba wanda manaja ya kawo ba.