Tambaya da Amsa: Zan Ratsa Amurka da Ƙaramin Jirgi Don Tara Awar Tuƙi, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Kyaftin, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Kano ne, ina koyon tuƙin jirgin sama a kusa da Orlando, jihar Florida. Na karɓi lasisin farko na PPL, ina da awa 95, kuma ina neman lasisin sana'a na CPL. Ni da wani abokina mun yanke shawarar hayar ƙaramin jirgi Cessna 172 a watan Yuli, mu tafi Kalifoniya mu dawo cikin kwana 12, mu raba kuɗi, kowa ya rubuta awar a littafinsa. Ban yi jarrabawar tuƙi da na'ura kaɗai ba tukuna. Shin tsarin ya yi? Me ya kamata mu shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Niyyar tana da kyau, kuma na fi son ta da abin da wasu ke yi na zagaya fili ɗaya har awa ta cika. Doguwar tafiya ita ke koya wa matuƙi yanke shawara. Amma tsarin naku yana da gyara a wurare biyu: lissafin awar, da kuma kwana 12 ɗin. Mu fara da littafi kafin taswira.

Idan a ƙarƙashin Sashe na 61 na dokokin FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, kake karatu, CPL na buƙatar awa 250. A ciki dole 100 su kasance kai ne mai alhakin jirgin, wato PIC, kuma 50 daga cikinsu na tafiyar gari zuwa gari ne. Tafiya ba ta shiga wannan layi na littafin awa sai ka sauka a filin da ya fi mil 50 na teku nisa, a miƙe, daga inda ka fara tashi (duk mil da zan ambata na teku ne). Waɗannan awa 50 ɗin su ne kuma ake nema kafin jarrabawar tuƙi da na'ura, don haka tafiyar taku za ta biya maka bukata biyu.

Ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗi. Akwai tafiya guda da doka ta ware: jimillarta aƙalla mil 300, a sauka a wuri uku, ɗaya daga ciki ya kai mil 250 a miƙe daga mafarin tafiya. Wannan dole ka yi ta kai kaɗai a cikin jirgi, ko kuma da malami mai izini yana zaune kana gudanar da aikin PIC. Muddin abokinka na kujerar dama, ko kun je Kalifoniya kun dawo, ba ta cika wannan sharaɗi ba. Don haka kowannenku ya yi tasa kafin babbar tafiya. Kuma ka auna da kyau: daga Orlando zuwa Savannah mil 220 da 'yan kai ne, bai kai ba. Charleston kuwa wajen mil 275 ne, ya wadatar. Ka tsaya Savannah ka sha mai, ka wuce Charleston, ka dawo. Wannan rana ɗaya za ta nuna maka ko jikinka da hankalinka sun shirya wa kwanaki a jere.

Batun "kowa ya rubuta awar" shi ma yana da ƙa'ida. A jirgin da matuƙi ɗaya ya isa, zama a gefe ba ya zama awa. Hanyar da FAA ta yarda mutum biyu su rubuta PIC lokaci guda ita ce ɗaya ya sa abin rufe gani yana tuƙi da na'ura, ɗayan yana sa ido a waje, kuma kun amince tun a ƙasa cewa mai sa idon ne ke da alhakin jirgin. Shi mai sa ido yana rubuta mintunan da ɗan'uwansa ke rufe da ido ne kawai, kuma ba ya rubuta su a layin gari zuwa gari, wannan na wanda ya tashi da jirgin ya sauke shi ne. Sai ku riƙa karɓa-karɓa zango bayan zango. Wani abin kuma: hukumomin Turai ba sa ƙirga awar mai sa ido a matsayin PIC. Idan Najeriya za ka dawo ka juya lasisi, rubuta wa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tun yanzu ka sami amsarsu a rubuce, kuma ka ware irin wannan awa daban a littafinka. Ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ya tanadi tafiyar mil 300, wato kilomita 540, da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban, to ka tabbatar kowace sauka ka tsayar da jirgi sosai, kada ka taɓa titi ka sake tashi.

Yanzu taswira. Daga Orlando zuwa Los Angeles wajen mil 1,900 ne a miƙe, kuma ba za ku bi miƙaƙƙen layi ba, domin ya ratsa ta kan Tekun Meziko. Jirgi mai inji ɗaya ba ya nisa da gaɓa. Hanyar da ta dace ita ce ta kudu, wadda ke bin babban titin mota na I-10: Tallahassee, Mobile, Baton Rouge, gefen Houston, San Antonio, El Paso, Tucson. Amfaninta shi ne duwatsunta sun fi na arewa ƙasa, akwai filaye a jere, kuma titin da kansa alama ce a ƙarƙashinku. Sai dai ku yi karatun sararin soja tun a gida. Wajen sansanin Eglin, kafin Pensacola, akwai hanyoyi na musamman masu dokarsu. Arewa da El Paso akwai haramtaccen sararin White Sands, kudu kuma iyakar Meziko ce, tana kusa ƙwarai. A kowane zango ku nemi masu kula da zirga-zirga su riƙa bin ku a rada, kuma ku duba sanarwar matuƙa ta NOTAM da rufe sarari na wucin gadi kowace safiya.

Iska a can galibi daga yamma take busowa, saboda haka zuwa ya fi dawowa tsawo. Littafin Cessna 172S na cewa gudunsa ya haura not 120, wato mil 120 na teku a awa, amma ku yi lissafi da 100 zuwa 105 a kan ƙasa. Zuwa da dawowa zai ci muku awa 40 ko fiye. Matuƙi mai awa 95 bai kamata ya wuce awa 5 a rana ba, balle cikin zafin Yuli. Ka ga kwana 8 na tashi ke nan, saura 4, kuma ba su da yawa kamar yadda suke a takarda.

A nan nake so ka tsaya ka saurare ni. Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarka shi ne ranar mayar da jirgi. Ba injin ba, ba dutsen ba. Matuƙin da ke kallon kalanda yana ganin hadari sai ya ce zai iya kewaye shi. Yuli lokacin tsawa ne a Florida da dukan gaɓar tekun, kusan kullum bayan azahar. Kakar guguwar teku na gudana daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A Arizona ma damina ce daga Yuli zuwa Satumba, da tsawar yamma da guguwar ƙura mai rufe gani. Maganinsa ku tashi da fitowar rana bayan asuba, ku ɗaure jirgi kafin azahar. Shawarata ita ce ku mai da Tucson maƙurar tafiya, wajen mil 1,550 daga gida. Kalifoniya za ta ƙara muku mashigin duwatsu na Banning mai iska da cunkoson sararin Los Angeles, a daidai lokacin da gajiya ta taru. Ku kuma yi alkawari tun kafin tashi: idan rana ta biyar ta yi ba ku kai ba, duk inda kuke nan ne za ku juya. Awar da aka tara a San Antonio daidai take da ta Kalifoniya a littafi. Idan za ku iya ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Oktoba, ya fi.

Abin da Florida ba ta koya maka ba shi ne tudu da zafi. Filin El Paso yana kan ƙafa 3,960 da ɗoriya, kusan tsayin filin jirgin Jos. Ranar da zafi ya kai digiri 38, iskar ta yi sirara har jirgi ya ji kamar yana kan ƙafa 7,700. Za ka tura totur gaba ɗaya, ka ga titi na ta wucewa, allurar gudu na hawa a hankali, jirgin ya ɗaga da ƙyar yana hawa rabin yadda ka saba. Nan ne sabon matuƙi ke jan sanda da ƙarfi, wanda shi ne kuskuren. Ka buɗe jadawalin tashi na littafin jirgin ka lissafa tsawon titin da kake bukata a kowane fili, ka ƙara rabin tsawon a kai, ka kuma koyi rage mai a cakuɗin mai da iska na inji kafin tashi a tudu. Awa ɗaya da malami a kan wannan ba asara ba ce. A sama kuma, idan kun wuce ƙafa 12,500 fiye da minti 30, doka ta wajabta wa matuƙi iskar oksijin, kuma wannan hanya ba ta bukatar ku kai can.

Mai: 172S na ɗaukar galan 53 mai amfani, yana shan 8 zuwa 10 a awa. Doka ta ce kada a tashi sai da man da zai kai zango ya bar ragowar minti 30 da rana, 45 da dare. Ku mai da taku dokar awa ɗaya cur, zango kuma kada ya wuce awa 3. A yammacin Teksas filaye na da tazara, don haka ku buga waya ku tabbatar famfon na aiki kafin ku dogara da shi, kuma ku tsoma sanda a tanki da hannunku. Ku ɗauki ruwan sha mai yawa da na'urar neman agaji ta hannu. Dare kuwa ku bar shi. Hamada ba fitila, sama da ƙasa na haɗewa, kuma irin wannan ruɗewa ce ta kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a kan teku ranar 16 ga Yuli, 1999, shi ma bai da shaidar tuƙi da na'ura. Awa 5 na dare da CPL ke nema ka yi su a gida, a filin da ka sani mai hasumiya.

Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku tambayi waɗannan a rubuce. Farashin da mai ne ko ba mai, kuma idan kun sayi mai a hanya, a kan nawa za a mayar muku? Da agogon Hobbs, mai ƙirga lokacin da inji ke kunne, ake caji ko da mai bin juyawar inji? Akwai mafi ƙarancin awa da ake caji kowace rana ko da yanayi ya hana tashi? Awa nawa ya rage kafin binciken awa 100 da canjin baƙin mai, kada su riske ku a Teksas? Idan jirgi ya lalace a nesa, wa ke biyan gyara, wa ke dawo da shi? Ku sayi inshorar mai haya, kowa tasa, kuma a sa sunayenku biyu a yarjejeniyar. A kasafin ku ƙara masauki, kuɗin ɗaure jirgi, da kuɗin tikitin komawa gida idan ta kama a bar jirgin a wani fili. Fasfo, biza, lasisi da takardar lafiya su kasance a jakar da ke jikinka, musamman a filayen kusa da iyaka.

Idan ka gama tafiyar Charleston, aiko mini da man da ka lissafa da wanda ka ƙona a kowane zango, da su za mu gyara lissafin babbar tafiyar. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.