Sensa, Abdet da Gyaran Gangar Auzinawa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan karon, kuma dukkansu a kan wayar hannu suka sauka.

Wani ɗalibi ya ce: "Malam, me ya sa ake kiran Android manhaja, a kuma kira WhatsApp manhaja, alhali ba abu ɗaya ba ne?"

Da gaskiyarka, ɗana. Manhaja aro ce daga Larabci, manhaj, wato bayyananniyar hanya da ake bi. A makaranta muka fara saninta: manhajar karatu, tsarin abin da za a koyar zango bayan zango. Da kwamfuta ta zo sai aka ɗora wa kalmar sabon kaya, tunda ita ma na'ura jerin umarni take bi, kuma aron ya zauna daram.

Masu rubutu kan fasaha sun raba gardamar da cewa "babbar manhaja" idan ana nufin irin su Android, wadda Google ya sayi kamfaninta a 2005, wayarta ta farko ta fito a 2008, ko iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo tare da iPhone a 2007. Girman nan na iko ne. Ita ce maigida, sauran manhajoji baƙi ne a zaure: WhatsApp ba zai taɓa kyamara ko makirufo ba sai ya yi sallama ta hannunta. Tun daga Android 6, a 2015, ita ke tsayar da kai ta tambaye ka ko ka yarda, a daidai lokacin da baƙon ya nemi shiga.

Wata malamar makaranta ta ce: "Ina yawan ganin kalmar 'firikwensin' a bayanin wayoyi. Hausa ce? Me take nufi?"

Malama, ban taɓa jin ta a bakin mai gyaran waya ba, balle a bakin tsohuwa. A rubutun da inji ya fassara take yawo, a gurbin abin da masu gyara ke kira sensa. Kunnena kuma firikwansi yake ji a cikinta, wato zangon da ake kama tashar rediyo, wanda wani abu ne dabam. Shawarata a bar ta inda aka same ta.

Hausa ba ta rasa abin faɗa a nan ba, domin tana da wata 'yar kalma mai faɗin gaske: ji. Kana jin ƙara, kana jin wari, kana jin ɗaci, kana jin zafi da sanyi, kana jin yunwa, har Hausar ma ji ake yi. Ido kaɗai ya ware da tasa kalmar, shi ya sa aka ce gani ya kori ji. To sensa gaɓar ji ce ta waya, kuma kowace da abin da take ji.

Akwai mai jin motsi. Ita ke gane inda ƙasa ke jan wayar, shi ya sa in ka kwantar da ita hoto ya juya ya kwanta, kuma ita ke ƙirga takunka in kana tafiya. Akwai mai jin juyi, wadda Apple ya sa a iPhone 4 a 2010, masu wasan tseren mota a waya sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba. A can sama, kusa da inda murya ke fitowa, akwai mai jin kusanci: tana harba wani haske da ido ba ya gani, in ya bugi kunnenki ya dawo sai fuskar wayar ta mutu, don kada kumatu ya katse kira. In kin ga wayarki tana danne-danne da kanta kina tsakar magana, sau da yawa ita ce gilashin kariya ya rufe ko datti ya toshe. Sai mai jin maganaɗisun ƙasa, wadda manhajar nuna alƙibla ke dogara da ita. Kusa da ƙarfe ko lasifika sai ta rikice, shi ya sa ake cewa a kaɗa wayar a iska kamar ana rubuta 8.

Da za a bi ƙa'ida zalla, da "majiya" ta dace da su. Sai dai 'yan jarida sun riga mu, majiya mai tushe ta zama tasu. Don haka a ce na'urar jin motsi, na'urar jin kusanci, na'urar auna haske. In kuma ana son suna ɗaya da zai tattara su, sensa ta riga ta shiga baki, har ta ɗauki jinsin mace: "sensar ce ta mutu." Jam'inta ma ba wuya. Yadda tasa ta ba da tasoshi, haka sensa za ta ba da sensoshi.

Wani mai karatu ya ce: "Saƙonnin nan da ke faɗowa a saman waya, sanarwa za a ce ko faɗakarwa?"

Ya danganta da abin da saƙon ya zo yi, ɗan'uwa. Sanarwa daga sani take: ba ka sani ba, an sanar da kai. Tunatarwa daga tuna: ka sani, ka manta, kamar lokacin shan magani. Faɗakarwa 'yar'uwar farkawa ce, ana yi wa wanda ya shagala. Gargaɗi kuwa da haɗari a bayansa. Sanarwa ce uwar, ita ta dace da jimlar, sauran ukun rassa ne.

Misalin gargaɗi na gaske shi ne wanda Google ya fara a 2020. In wayoyin Android masu yawa a yanki ɗaya suka ji girgiza lokaci guda ta na'urar jin motsi, sai a fahimci ƙasa ce ke motsi, a aika wa na nesa kaɗan. Saƙon intanet ya fi girgizar ƙasa gudu, don haka yakan riga ta isa da 'yan daƙiƙoƙi. In ya makara ya zama ihu bayan hari, karin maganar da ake yi wa taimakon da ya zo bayan aikin gama ya gama.

Mafi yawan abin da ke sa waya ƙara, a ganina, bai kai ko ɗaya daga cikin huɗun ba. Talla ce ta ari rigar sanarwa. Masu Android ma sun lura, don tun daga Android 13, a 2022, sabuwar manhaja sai ta nemi izininka kafin ta fara turo maka. Ba laifi ba ne ka ce a'a.

Wani dattijo ya ce: "Na yi wa wayata abdet sai ta koma nauyi, batir ba ya daɗewa. Abokina ya ce gyaran gangar Auzinawa na yi. Ina son bayanin karin maganar, da kuma Hausar abdet."

Ranka ya daɗe, bari mu fara da mai sauƙin. Hausarta sabuntawa, daga sabo. Hausa na da wannan dabara ta liƙa wa siffa -nta ko -ta ta koma aikatau: fari ya ba da faranta, baƙi ya ba da baƙanta, gajere ya ba da gajarta. A lura, sabo biyu ne a rubuce, karin sauti ya raba su. Akwai kishiyar tsoho, akwai kuma na sabawa, wanda aka ce turken wawa ne. Na biyun yana da hannu a ƙorafin masu waya, domin sau da yawa ba abin da ya lalace, maɓallin da yatsa ya saba da shi ne aka matsar.

Gyaran gangar Auzinawa kuwa gyara ne da ya bar abu ya fi da lalacewa. Auzinawa su ne Abzinawa, mutanen Abzin. Wannan sauyi na b zuwa u a ƙarshen gaɓa tsohon abu ne: sabro da sauro, abduga da auduga, haka m a zamna da zauna. Hausar yamma ta riƙe na farkon, ta gabas ta ɗauki na biyun, kuma Bajamushen masani August Klingenheben ya yi bayaninsa tun a shekarun 1920. Ba na zaton abdet za ta koma audet, ta zo bayan an tashi kasuwar.

Shin abokinka ya yi gaskiya? Wani lokaci haka ne. A Disamban 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa wata sabuntawa tana rage gudun tsofaffin iPhone masu raunin batir, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Sabuwar babbar manhaja kuma takan fi ƙarfin tsohuwar waya mai ƙaramar ma'ajiya. Amma kada ka yanke hukunci a ranar farko. Bayan babbar sabuntawa waya takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu tana sake jera kayanta a ɓoye, ta yi ɗumi, ta sha batir, sannan ta lafa.

Sai dai sabuntawa iri biyu ce, kuma karin maganar ba ta hau kan ta biyun ba. Ta farko mai sauya kamanni ce da ƙara sababbin abubuwa, wannan kana iya jinkirta ta har ka ji abin da masu irin wayarka suka ce. Ta biyu ta tsaro ce, toshe ɓaraka. A 2015 an gano wata ɓaraka a Android da aka laƙaba wa Stagefright, wadda saƙon bidiyo kaɗai kan iya buɗe wa ɓarawo hanya, kuma bayanta ne Google da Samsung suka yi alkawarin facin tsaro wata-wata. Wannan rigakafi ne, shi kuwa ya fi magani. Duba cikin saitin wayarka, wajen bayanin waya, za ka ga kwanan watan facin ƙarshe. In ya haura shekara, wataƙila kamfanin ya daina kula da ita. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, amma wayoyi masu araha da yawa ba sa samun ko rabin haka, don haka a tambaya kafin a saya.