Hukuncin sayen rabon kwana a masaukin Disney da ke Amurka

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin jinya ne a Amurka, ina zaune da matata da 'ya'ya huɗu. Akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya da muke aiki tare, ta kusa ritaya. A 1992 ita da mijinta, wanda yanzu ya rasu, suka shiga wani tsari mai suna Disney Vacation Club. Suna da maki 230 duk shekara, da shi suke kama ɗaki a masaukin kamfanin da ke jihar Florida. Ta ce ba ta taɓa yin cinikin da ya kai wannan riba ba, a can ta yi renon 'ya'yanta da jikokinta lokacin hutu. Yanzu tana so ta sayar mini. Yarana sun ƙwallafa rai. Dillalin da zai shiga tsakani ya ce in kuɗina bai cika ba akwai masu ba da rance. Malam, wannan ciniki ya halatta? Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban san me nake saye ba, gida ne, haya ce, ko iska.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka sa hannu. Yawancin masu kawo irin wannan tambaya sai sun biya kuɗi sannan su tuna da malamai. Kuma ƙarshen maganarka shi ne asalin mas'alar, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin ko mene ne abin.

Bari mu fara da abin da dattijuwar nan ta saya. Disney World, babban filin wasanni da shaƙatawa na kamfanin Disney, ya buɗe a kusa da birnin Orlando na jihar Florida a 1971. Bayan shekara ashirin, a watan Disamba na 1991, kamfanin ya buɗe masauki na farko na wannan tsari, wanda a 1996 aka sake masa suna Old Key West, kuma a cikinsa ne dattijuwar take da kasonta. Kafin nan, irin wannan ciniki a Amurka galibi mako guda ake sayar wa mutum: ɗaki kaza, mako kaza na shekara, in ka zo ka kwana, in ba ka zo ba ka yi asara. Su kuma suka zo da tsarin maki. Kana da maki duk shekara, kowane dare yana da farashinsa gwargwadon girman ɗaki da lokacin da ka zo. Kana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, kana iya aro daga na baɗi ka ci bana. Masaukin da ka sayi kaso a cikinsa kana kama ɗaki tun saura wata goma sha ɗaya, sauran masaukai sai saura wata bakwai.

Mutanen farko suna da hujjojinsu, kuma masu ƙarfi ne. Sun sayi maki ɗaya a wajen dala 50. An ba su wa'adi mai nisa, har ƙarshen Janairun 2042, wato shekara hamsin. An ba su kyautar tikitin shiga wuraren wasan a kwanakin da suka sauka, har zuwa ƙarshen 1999, kuma duk mai iyali ya san tikitin shiga ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Sun samu ɗakuna masu falo da wurin girki da injin wanki a madadin ɗakin otal guda da za a cusa iyali duka. Sannan sun yi lissafin cewa kuɗin otal kullum hawa yake yi, gara su biya na shekaru masu zuwa da farashin ranar. Ga kuma sunan kamfanin, a lokacin da mutane da yawa ke tsoron 'yan wannan sana'a saboda matsa wa mai saye da suke yi. Dattijuwar ba ta yi maka ƙarya ba. Sai dai ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa: labarin da take ba ka labarin cinikinta ne na 1992.

Shin shari'a ta san mutane da yawa su yi tarayya a abu guda suna karɓa-karɓa da lokaci? Ta sani, fuƙaha'u suna kiransa muhaya'a, wato raba amfanin abu ba tare da an raba abin kansa ba. Suna kafa hujja da taguwar Annabi Salihu (AS) a Suratus Shu'ara'i aya ta 155, inda aka ce tana da ranar shanta, mutanen gari suna da ranar shansu sananniya. A tafiyar Badar kuma sahabbai uku-uku suke karɓa-karɓa a kan raƙumi guda, kamar yadda Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) ya ba da labari. Mu ma a ƙauyukanmu mun san wa da ƙani masu shanun noma biyu da garma ɗaya: yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan, dusa da harawa a kansu duka. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan ciniki da kansa a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 170 cewa ya halatta mutum ya sayi kaso a gini ko ya yi hayar kaso a amfaninsa bisa karɓa-karɓa, matuƙar an cika sharuɗɗan ciniki ko na haya, kuma masu kaso suna iya musaya a tsakaninsu. An yi makamancinsa a Makka a benen Zamzam da ke daura da Harami, inda aka sayar wa mutane haƙƙin sauka na wasu kwanaki duk shekara har tsawon shekara 24.

To, gida ne ko haya? Za a ba ka takardar mallaka da aka yi wa rajista a hukuma, amma a jikinta akwai ranar da haƙƙinka zai mutu, komai ya koma hannun kamfani. A shari'a ba a sayar da abu a ce mallakarsa za ta ƙare a wani wa'adi. In ka sayi gida, naka ne har ka sayar ko magada su gaje ka. Saboda haka duk sunan da takarda ta ba shi, abin da ke hannunka mallakar amfani ne zuwa lokaci sananne, hukuncin haya mai tsawo yake bi. Doguwar haya kuwa ta halatta a wurin jamhurin malamai matuƙar ana kyautata zaton ginin zai kai wa'adin. Malamanmu na Malikiyya sun fi taka-tsantsan idan za a biya kuɗi tun farko, suna ambaton kimanin shekara talatin ga sabon gida mai ƙarfin gini. Da mutanen 1992 ne suka tambaya, da akwai magana a nan. Kai abin da ya rage maka zuwa 2042 bai kai shekara ashirin ba.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne kuɗin da ake biya duk shekara. Bayan kuɗin saye, kowane mai maki yana biyan rabonsa na albashin ma'aikata, gyara, inshora, harajin gini da ajiyar manyan gyare-gyare. Kuɗin ba tsayayye ba ne, kusan kowace shekara sai ya ƙaru, kuma ko ka je ko ba ka je ba sai ka biya. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ke da jahilci ko rashin tabbas a cikinsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), kuma matsayar majalisar da na ambata ta ɗora manyan gyare-gyare a wuyan mai ba da haya, ta bar ƙananan na yau da kullum a iya sharɗanta su ga ɗan haya. Saboda wannan akwai malaman da ransu bai kwanta da tsarin ba, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne halacci. Kuɗin ba wani ne ke yanke shi da son ransa ba, kasafi ne na abin da za a kashe, ana sanar da shi kafin shekara ta shiga, ana raba shi gwargwadon maki, takardun kuma sun sa iyaka ga ƙarin da za a iya yi a shekara guda. Masu amfani da ginin na tsawon rayuwarsa su ne ke ɗauke da hidimarsa, kamar dai masu shanun noman can. Jahilcin da ya rage ɗan kaɗan ne, irin wanda ba ya kai mutane gaban alƙali, kuma irinsa an yafe shi. Haka ma rashin tabbacin samun ɗaki a daren da kake so: an faɗa maka tun farko cewa wanda ya riga kamawa shi ya samu, ka shiga da saninka, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Akwai wani sharaɗi da za ka ci karo da shi. Idan kun daidaita da dattijuwar, sai an kai wa kamfanin takardar cinikin, yana da damar ya karɓe a kan kuɗin da kuka yi. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya sayar da abu bisa sharaɗin in za a sake sayarwa shi ya fi cancanta. An ruwaito halaccinsa daga Imamu Ahmad, Ibn Taimiyya ma ya zaɓi haka, kuma shi nake bi a nan domin mai sayarwa ba ta rasa ko kwabo, kai ma kuɗin ajiyarka zai dawo. La'adar dillali halal ce in an san adadinta.

Rancen da dillali ya ambata kuwa ba shi da ƙofa. Rance ne da kuɗin ruwa, riba ce tsantsa wadda Allah ya haramta a Suratul Baƙara aya ta 275, kuma a hadisin Jabir (RA) da Muslim ya ruwaito an la'anci mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. Malaman da suka yi rangwame ga Musulmin ƙasashen Turai da Amurka a kan rancen gida sun yi magana ne a kan gidan da mutum zai zauna da iyalinsa don tsananin buƙata, kuma ko a nan an yi musu raddi. Babu wanda ya shigar da ɗakin hutu a ciki. In kuɗinka bai cika ba, ko dattijuwar ta yarda ka biya ta kashi-kashi a kan farashi guda da aka yanke tun farko, ko ka haƙura.

Shi kansa zuwa wurin wasa da yara ba laifi ba ne. Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa har ta gaji da kanta. Amma ka san inda za ka. Ana sayar da giya a wurare da dama a cikin filin, akwai wuraren wanka da maza da mata ke cakuɗuwa cikin tsiraici, kuma yinin yana da tsawo, layi yana bin layi har Azahar da La'asar su kuɓuce wa mutum. Haramcin waɗannan yana kan wanda ya aikata su, ba ya ɓata hayar ɗakin, kamar yadda ba ya ɓata hayar otal. Ɗakin da ke da wurin girki ma taimako ne gare ka: uwargida ta tafi da namanta na halal da tukunyarta, yara su ci abin da kuka san asalinsa, ku dawo ɗaki da rana ku yi salla cikin natsuwa. In ka san iyalinka ba za su iya kiyaye waɗannan ba, to hukuncin ya canza a kanka kai kaɗai.

Yanzu mu koma ga abin da na ce ka riƙe. Kyautar tikiti ta ƙare tun 1999. Shekara hamsin ɗin an cinye fiye da talatin. Tun 2016 wanda ya sayi na hannu ba ya samun rangwame da alfarmar da ake yi wa waɗanda suka saya kai tsaye daga kamfani, tun 2019 kuma makin na hannu ba ya kama ɗaki a sababbin masaukai irin Riviera. A 2007 an ba masu Old Key West damar ƙara kuɗi su tsawaita wa'adinsu zuwa 2057, wasu sun karɓa, wasu ba su karɓa ba, don haka ka duba da idonka wace shekara ce a takardarta. Wajibi ne a kanta da dillali su bayyana maka duk wannan, da makin da ya rage na bana, da ko an riga an ci na baɗi, da ko akwai bashin kuɗin shekara. Ka haɗa kuɗin saye da kuɗin shekara na duk shekarun da suka rage, ka raba da dararen da a gaskiya za ku kwana, ka gwada da kuɗin otal. Dokar Florida ta ba mai saye kwana goma ya janye bayan sa hannu, wannan zaɓi ne ingantacce a shari'a, ka yi amfani da shi ka karanta takardun a tsanake.

Kuma ina tambayar ka abin da ba ka faɗa ba: ka sauke farali? Akwai bashi a kanka? Iyaye a gida suna samun abin da ya wajaba? In ba ka yi Hajji ba alhali kuɗin nan ya isa guzuri, Hajji ne a gaba. Wannan tsari yana ɗaure hutun mutum a wuri guda shekara da shekaru, kai kuwa kana da yara huɗu da suke buƙatar su ga kakanninsu, su ji harshensu a bakin mutanen gida. Ka sa wannan a sikeli, ni a wurina ya fi nauyi.

Hukuncin dai: cinikin ya halatta idan da kuɗinka ne ba rancen ruwa ba, ka san wa'adi da maki da kuɗin shekara kafin ka biya, kuma bai danne wani wajibi ba. Babu zakka a kansa in don amfanin iyali ka saya. In wata shekara ka ba wani hayar makinka, kuɗin da ka karɓa dukiya ce da zakka ke shiga in ta kai nisabi shekara ta kewayo. In ka rasu kafin wa'adi ya cika, haƙƙin yana shiga gado tare da nauyin kuɗin shekararsa, don haka ka rubuta shi a wasiyyarka domin magada su san da shi, su zaɓa ko su riƙe ko su sayar.

Wallahu a'alam.