Amsa ga mai neman wasiƙun goyon baya don tallafin gyaran ajujuwa

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce ƙungiyarku na neman tallafin gyara ajujuwa biyu a wata firamare, masu ba da kuɗin sun nemi wasiƙun goyon baya uku, saura kwana 20 a rufe, kuma ba ki san wa za ki tunkara ba. Na sha wannan zirga-zirgar, ga abin da na gani.

Kada ki je wa kowa hannu rabbana ki ce a taimaka a rubuta muku wasiƙa. Zai ce ki dawo jibi, jibin kuwa ba ta zuwa. Ki rubuta daftarin da kanki, ki kai masa ya gyara abin da bai yi masa ba, a mayar kan takardar ofishinsa mai tambari, ya sa hannu, ya buga hatimi. Amma ki kiyayi tuntuɓen da muka yi karon farko: daftari ɗaya muka raba wa mutum huɗu, wasiƙun suka fito kamar an tsaga kara, har harafin da na tsallake a layi na biyu yana nan a kowacce. Sai bayan mun tura na lura, kunya ta kama ni.

Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da zai bayar. Hedimasta ya faɗi yawan ɗalibai, da daminar da iska ta yaye kwanon, da inda yaran ke zama yanzu. Shugaban kwamitin makaranta, wato SBMC, ya rubuta cewa mutanen unguwa za su kawo yashi da ruwa, su yi gadin siminti. Wannan ya fi shafi guda na yabon ƙungiyarku, don mai ba da kuɗi so yake ya san wa zai kula da ginin bayan kun tattara kayanku.

Wadda ta fi nauyi ita ce ta sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, tunda firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ba a taɓa gininta sai da izini. Ita za ki fara nema gobe da safe. Ki haɗa da taƙaitaccen bayanin aikin da kwafin rajistarku ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma a buga miki hatimin karɓa a naki kwafin takardar neman. Mu tamu ta kwana 11 a kan tebur saboda mai sa hannun ya tafi taro, wannan kwafin ne ya taimaka aka gano fayil ɗin.

In kuna son ta hakimi, ku bi ta mai unguwa da dagaci, kada ku tsallake su. Idan da Turanci aka rubuta, a karanta wa dattijo da Hausa kafin ya sa hannu. Ta ɗan siyasa kuwa, ni dai ba na nema, sai aikin ya koma na jam'iyya a idon mutane.

A rubuta sunan masu tallafin da sunan aikin a saman kowace wasiƙa, da kwanan watan bana, ba a cusa tsohuwar bara. Ki kai shagon kwamfuta a yi sikanin su zuwa PDF, hoton waya yakan cinye hatimi. Ainihin takardun kuma ki adana, wasu kan nemi gani in sun zo duba wurin.